Tabon Baƙin Mai

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Wasiƙar mijina ta 24 ta zo. Lafiyarsa ƙalau, in ji shi. Abincinsu ba gishiri, takalmin ya daina cizonsa, motar da yake tuƙa wa sojojin ta girme shi amma ta fi shi jin magana. Ya ce a shafa masa kan Kofur. 'Yarmu ke nan, shekararta shida, shi ya laƙaba mata sunan don ita ke ba da oda a gidan nan.

Sai layin ƙarshe: "A gaida Baba. A ce masa kada ya kuskura ya hau tsani, rufin nan ni zan gyara in na dawo."

Yau Baba mako biyar da rasuwa. Sau uku ina rubuta wa ɗansa labarin. Sau uku!

Mama idonta ya yi yana, ni nake karanta mata duk Alhamis a bakin ƙofar ɗakinta. Da na karanta mata gaisuwar Baba a ta 21 da ta 22, kwana bibbiyu ta yi ba ta sa komai a bakinta ba. Tun daga ta 23 nake tsallake layin. Yau ma na tsallake.

Na sayi littafin nan ne don in sami inda zan ajiye layin da nake tsallakewa.

Juma'a, 5 ga wata, da safe kafin in fita

Ina ɗaura ɗankwali Mama ta ce, "'Yar nan, bai ce komai a kan babansa ba?"

Na ce bai ce ba.

Ta ce, "To ya ji ke nan. Tun yana ƙarami haka yake, in abu ya dame shi sai ya haɗiye."

Ka ji fa. Yanzu na mai da shi ɗan da aka ce masa ubansa ya rasu, shi kuma yana ba da labarin takalmi. Allah ka yafe min.

Asabar, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An yi ruwa. Na sa bokiti a ɗakin Baba. Ɗis, ɗis, ɗis, har ya cika na zubar na mayar.

Litinin, 8 ga wata, bayan na taso daga aiki

Shekarata tara a ɗakin wanki na asibiti. Ka miƙo min zanen gado, ko ban tambaya ba zan faɗa maka daga wane sashe ya fito, mene ne ya zuba a kai, kuma a ninke yake ko a shimfiɗe lokacin da ya zuba. Shi ya sa mutumin yake ce min Sarauniyar Guga. In yana son faɗa kuwa ya ce 'yar sandan tabo.

Jiya ina jera wasiƙun a gwangwanin da nake ajiye su. Lamba yake sa musu a saman takarda, tun tafiyarsa muka yi haka, don in wata ta ɓata a hanya mu sani. Sai idona ya kai kan ta 21. Akwai tabon baƙin mai a ƙasanta ta dama, faɗinsa kamar gindin kofi. Ban damu ba lokacin da ta zo, direba ne, har burodinsa warin mai yake. Amma ta 22 ma akwai, wuri ɗaya, ya ɗan ragu. Ta 23 ya ƙara raguwa. Ta 24 kamar kan babban yatsa.

Na ɗora su a kan juna na ɗaga wa hasken taga. Tabo ɗaya ne. Ɗigo ɗaya ne ya faɗo daga sama ya ratsa su.

Na mayar da su, na rufe gwangwanin, na je na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Talata, 9 ga wata, lokacin hutun rana

Na faɗa wa Gwaggo, wadda ta koya min guga tun ina sabuwa. Ta ajiye dutsen guga ta yi min wani kallo.

"Ke dai kina son ɗora wa kanki hawan jini. Littafin da yake yagar takarda ne man ya zuba a kai. Duk mako ya yagi ɗaya ya rubuta. Mene ne abin tashin hankali a nan?"

Wallahi saura kaɗan in rungume ta. Na ci abincina tas, har na ci rabin nata. Ta ce in haka ne gobe ma in zo da wata damuwar, amma in zo da kwanona.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Ba littafin ba ne.

Na dawo gida na sake dubawa, don in tabbatar da maganar Gwaggo in huta. Na juya bayan ta 21. A cikin tabon akwai rubutu, dishi-dishi, a juye. Na ɗauko madubin Kofur na kara. "Gaida Baba." Na ɗauko ta 22, ga shi nan daidai wurin, kalma da kalma.

Wannan ko sabuwar ma'aikaciya ta sani. Tufa ba ta zuba wa 'yar'uwarta launi sai suna kwance tare a jiƙe. Ranar da man ya zuba, ta 22 a rubuce take, tana ƙarƙashin ta 21. Haka ta 23. Haka ta 24. Rana ɗaya ya rubuta su, ya bi su yana sa musu kwanan watan da bai zo ba.

Sai na juya bayan ta 24, wadda ta zo ranar Alhamis. Ita ma akwai. Na kara madubin.

"Haƙorin Kofur."

Na rubuta a nan, yau Talata, don kada in zo in ce mafarki na yi. Ta 25 ba ta zo ba tukuna.

Laraba, 10 ga wata, da safe

Ban faɗa wa Gwaggo ba. Ta tambaye ni, na ce ai ita ce da gaskiya.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi

Masinja ya zo a kan babur ɗinsa. Kofur ta ƙame ta sara masa kamar kullum, shi ma ya sara mata.

Ta 25. Ban fara daga sama ba, ƙasa na duba. "Ko haƙorin Kofur da ke girgiɗi ya fita? A ajiye min shi in gani."

Haƙorin nan ya fita tun Baba na da rai. Shi ya cire mata da zare. Har sabo ya fara leƙowa.

Na karanta wa Mama. An yi musu ruwa kwana uku, in ji shi, sun ga wani tsuntsu mai jan baki, abokinsa ya faɗa rami yana dariya. Ina karantawa ina jin muryarsa a bayan kunnena, har yadda yake jan numfashi kafin ya yi zolaya. Wane ruwa? Wane tsuntsu? Zama ya yi ya ƙirƙiro mana makonni, ya ƙirƙiro musu har da ruwan sama. Mama ta yi dariyar ramin har da share ido.

Na tsallake layin.

Alhamis, bayan magariba

Bayan ta 25 akwai kalma ɗaya: "gida." Tabon ya koma kamar ƙwayar wake.

Asabar, 13 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Haushinsa nake ji yau, kuma zan faɗa. Wa ya aike ka? Wa ya ce maka mu yara ne da za a bar wa alewa a ƙarƙashin matashi a sulale? Mutumin da ko ranar haihuwar 'yarsa sai na tuna masa, shi ne ya zauna ya lissafa Alhamis ɗin duniya daidai, ba kuskure ko ɗaya. Kuma da duk wayonka ka bar mai ya zuba. Shekara tara kana auren mai wanki!

Ina ka tafi da ba a aiko wasiƙa daga can?

Lahadi, 14 ga wata, da rana

Mota ta tsaya a ƙofar gida, injin yana irin wannan karkarwar. Na fito ba takalmi. Mai kawo gas ne na maƙwabta.

Litinin, 15 ga wata, ƙarfe uku

Na nemi izini a wurin aiki na je ofishin da ke kula da iyalan sojoji. Dogon benci, fanka ɗaya da ke juya zafi, mata sun fi ashirin. Akwai takarda manne a bango da kowa ke zuwa ya bi da yatsa. Na bi sau biyu. Babu shi. Na ƙara na uku.

Da layi ya zo kaina na zaro wasiƙun na fara yi wa akawun bayanin tabo. Ina magana ina jin kaina kamar mahaukaciya, ga madubin yara a hannuna. Ya saurara, ba laifi, yana da ladabi.

"Hajiya, wasiƙa dai tana zuwa ko?"

"Tana zuwa."

"Rubutunsa ne?"

"Nasa ne."

"To ai sai godiya. Mu ba mu da wani bayani a kan rukuninsu. In akwai, za a neme ku."

Na ce maganar harin gadar nan fa da aka yi a rediyo wancan watan? Ya gyara takardun gabansa, waɗanda dama a gyare suke. Ya ce mai bi.

A bakin ƙofa wata mata ta riƙo mayafina. Ƙarama ce, da goyo. Mijinta ma direba ne, rukuninsu ɗaya. Ta ce ita yau mako shida ko layi ɗaya ba ta gani ba. Ta dubi wasiƙun da ke hannuna kamar mai jin yunwa.

"Ke kam Allah ya so ki, Yaya. Don Allah in kin ba shi amsa ki ce ya duba min nawa. Dogo ne, yana da wushirya."

Na ce to. Me zan ce? Na ce to, na wuce.

Talata, 16 ga wata, da yamma

Mako shida. Na ƙirga da yatsa a cikin mota. Ya yi daidai da lokacin da ya zauna ya rubuta wasiƙun nan.

Laraba, 17 ga wata, lokacin hutun rana

Na ƙona rigar likita. Tunda na fara aikin nan ban taɓa ba. Na ɗora dutsen guga na tsaya ina kallon bango har wari ya tashi. Gwaggo ta fizge wayar daga soket, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta dubi fuskata ta fasa. Ta naɗe rigar ta cusa a jakarta.

"Ni na ƙona," in ji ta. "Tsufa ne. Je ki wanke ido."

Da na dawo ta ce a hankali, "Ba littafin ba ne ko?"

Na girgiza kai. Ta ja kwandon zannuwana ta haɗa da nata.

Alhamis, 18 ga wata, ƙarfe biyar

Ta 26. Gajeriya ce, rubutun ya karkace, da gani hannu ya gaji. Biron ma ya kusa ƙarewa, wasu kalmomin sai da ya bi su sau biyu. Yana kewar gida, in ji shi. Yana kewar faɗana. A gaida Baba, kada ya hau tsani.

Tabon ɗan ɗigo ne, sai ka nema.

Na juya bayanta. Na kara madubi, na je taga, na fita tsakar gida cikin rana.

Babu komai. Ita ce ta ƙasa.

Juma'a, 19 ga wata

Babu komai.

Lahadi, 21 ga wata, da hantsi

Kofur ta rubuta masa wasiƙa da kanta, harafi ɗaya kamar ƙofar gida. Ta naɗe haƙorin a takarda ta ce in sa a ciki, tunda ya ce yana son gani. Ta ba ni oda in kai gobe, kada in yi lalaci. Na ce an gama, ranki ya daɗe.

Yana cikin gwangwanin. In na ɗaga sai in ji yana ƙwas-ƙwas. Gwangwanin duk ya ɗauki warin baƙin mai. Ɗazu na buɗe sai da na waiwaya, na ɗauka ya shigo.

Talata, 23 ga wata, bayan la'asar

Ruwa kuma. Yoyon ya ƙaru, yanzu bokiti biyu. Maƙwabcinmu ya ce yana da kafinta mai sauƙin kai, ko ya turo shi? Kafin in buɗe baki Mama ta amsa daga ɗaki.

"A bar shi. Mai gyaran yana hanya."

Tsanin yana jingine inda Baba ya bar shi. Kullum sai na kewaye shi in zan je shanya.

Alhamis, 25 ga wata, ƙarfe shida

Masinja ya wuce bai tsaya ba. Kofur ta sara wa bayansa.

Mama ta fito da tabarmarta tun ƙarfe huɗu ta zauna a bakin ƙofa. Na ce mata hanya ce ta lalace saboda ruwa, kowa ma bai samu ba. Ta ce Allah ya kyauta. Ba ta tashi ba sai da aka kira magariba.

Na yi tunanin in ɗauko wata tsohuwa, ta 9 ko ta 10, in karanta mata a matsayin sabuwa. Har na zaro. Sai na ga ashe abin da ya yi mana ke nan zan yi mata. Na mayar.

Asabar, 27 ga wata

Na goge rigunansa duka. Ba su yamutse ba.

Litinin, 29 ga wata, da safe

Tsoro nake ji. Ban taɓa rubuta wannan ba, to ga shi na rubuta. Ina tsoron Alhamis ta zo ba komai, ina tsoron ta zo da wani abu.

Alhamis, 2 ga sabon wata, ƙarfe huɗu da kwata

Babur ya tsaya.

Ban bari ya sauka ba na warce ambulan ɗin na ɗaga wa rana. Takardar ciki fes. Ba tabo, ko ɗigo. Na ƙwala ihu, ni da ban iya ihu ba. "Sabuwa ce! Sabuwa ce!" Kofur ta hau tsalle ba ta san dalili ba. Mama tana cewa mene ne, mene ne.

Masinja bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, duba sunan."

Sunan Baba ne. A ƙasa an ja layi biyu: "A hannunsa."

Na ce wa Mama ina zuwa, cikina ne. Na shiga ɗakin Baba na turo ƙofa, na zauna tsakanin bokitan. Babu lamba a samanta. Zan kwafe ta a nan yadda take.

"Baba, ina gaisuwa. In wannan ta zo hannunka, to mako bakwai ke nan ban dawo na karɓe ta a wurin akawunmu ba. Gobe za a tura mu inda ba a aiko wasiƙa. Na zauna a kan mota na rubuta guda shida, na ce ya riƙa sakin ɗaya duk mako, don mutanen gida su sami abin karantawa. Ka yafe min ƙaryar kwanan wata. Mai ya zuba a kansu, na san Sarauniyar Guga za ta yi faɗa. Wannan a aljihu na ware ta.

"Ban san abin da za a ce muku ba, wataƙila ba za a ce komai ba. Kai za ka faɗa wa Mama, kai ka san yadda ake bi da ita. Ka zaunar da ita tukuna. Don Allah Baba kada ka bar wa matata wannan aikin. Tana nuna ƙarfin hali ne kawai, ita ma a zaunar da ita. Kofur kuma a bari sai ta tambaya.

"Rufin nan, ka kira kafinta. Kada ka jira ni."

Mama tana kira.

Alhamis, bayan magariba

Na aika Kofur gidan maƙwabta. Na ɗauko kujerar Baba na kai bakin ƙofar Mama na ce ta tashi daga tabarma ta zauna a kai. Ta shafa hannun kujerar, ta gane ta. Ba ta tambayi dalili ba, ta zauna.

Na durƙusa a gabanta. Na buɗe takardar. Ni ban san yadda ake bi da ita ba. Wanda ya sani ba ya nan.

Ta laluba ta kamo wuyan hannuna.

"Ke ma zauna, 'yar nan."

Na zauna a ƙasa, kafaɗata a jikin gwiwarta.

"Yau ki karanta duka," in ji ta. "Har da wurin da kike tsallakewa. Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Duk Alhamis ina jin inda numfashinki ke tsayawa."

Na ce Mama, wannan gaba ɗayanta wurin ne, wasiƙar Baba ce.

Hannunta ya ƙara matse nawa.

"To karanta. Ni zan karɓa masa."

Na karanta, tun daga "Baba, ina gaisuwa." Ban tsallake ko harafi ba.

Asabar, 4 ga wata, ƙarfe tara na safe

Kafinta ya zo. Ya ce ko muna da tsani. Mama ce ta nuna masa inda yake.